Yadda Ake Taka Tsohon Birni a Karanta Ginin Turawan Mulkin Mallaka da Zanen Bango

Yawancin garuruwan da Turawan mulkin mallaka suka kafa ko suka faɗaɗa, musamman na bakin teku, suna da unguwa guda inda tsofaffin gine-gine suka taru. A 'yan shekarun nan kuma a nan ne masu zanen bango suka fi baje kolinsu, domin akwai faffaɗan bango, ga masu wucewa da yawa, ga gidajen da aka daɗe ba a kula da su ba. Abu biyu ne a bango ɗaya. Ginin yana faɗa maka wanda ya mulki garin da yadda ya zauna, zanen kuma yana faɗa maka abin da ke ran mutanen garin yau. Duka biyun ba a ganinsu daga cikin mota, sai an sauka an taka.

Kafin ka fita

Ka fara da taswira. Ka sauke ta gari a wayarka yadda za ta yi aiki ko babu intanet, sannan ka nemi tsohuwar taswirar garin, wadda galibi ake samu a gidan tarihi ko ɗakin karatu, ka ɗauki hotonta. Idan ka jera su, nan take za ka ga inda ganuwa take a da, inda aka cike teku aka yi titi, da sunayen layuka kafin a sauya su bayan samun 'yancin kai.

Kada ka tsara hanya mai tsawo. Mai tafiya ta sosai yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma mai tsayawa yana ɗaga kai ba ya wuce ɗaya da rabi. Kilomita 3 zuwa 4 sun ishe ka awa uku, kuma bayan awa uku ido ya gaji, kowace taga sai ta koma kamar 'yar'uwarta. Gara a raba garin kwana biyu da a gama shi rana ɗaya ba a ga komai ba.

Lokaci mafi kyau shi ne awa biyu na farko bayan fitowar rana. Hasken yana zuwa daga gefe, yana fito da kowane sassaƙa da ke jikin yaɓe. Wani dalilin kuma, kantuna ba su buɗe ba, kuma zane da yawa a jikin ƙofofin ƙarfe na kanti ake yin su, waɗanda da zarar an naɗe su sama shi ke nan sai dare. Bangon da ke kallon gabas a gan shi da safe, mai kallon yamma a bar shi sai la'asar. Da tsakar rana inuwar baranda takan rufe rabin fuskar gini.

Guzurin bai da yawa: takalmi mai taushin ƙasa wanda ba ya santsi, don daɓen dutse yana gajiyar da ƙafa kuma yana zame mutum in an yi ruwa, ruwan sha kamar lita ɗaya da rabi, hula, ƙaramin littafi da biro, da batirin ajiya, saboda taswira da kyamara suna shanye caji.

Fara daga dandali, ka gane wanda ya zana garin

Kowace daula tana da hannunta wajen tsara gari, kuma in ka gane hannun, ba ka ɓata.

Sifaniyawa sun fi kowa bin ƙa'ida. A 1573 Sarki Philip na Biyu ya fitar da dokokin kafa garuruwa a ƙasashen da suka mallaka. Dokar ta ce a fara da babban dandali mai kusurwa huɗu, tsawonsa aƙalla ya kai faɗinsa ɗaya da rabi, tituna su fita daga cikinsa a miƙe, kuma a ƙasa mai zafi a matse titunan, a mai sanyi a buɗe su. Shi ya sa a tsofaffin garuruwa da yawa na Latin Amurka, in ka tsaya a dandali za ka ga majami'a a gefe guda, gidan gwamnati a wani gefen, ga rumfunan da ke kan ginshiƙai sun kewaye. Matsin layukan da ke ba baƙo mamaki a Kartahena ta Kolombiya ko tsohuwar Habana ta Kuba yana da amfaninsa, don inuwar bene ɗaya tana faɗawa kan ɗan'uwansa yini guda.

Faransawa a Arewacin Afirka sun bi wata hanya. A Maroko, ƙarƙashin babban wakilin Faransa Lyautey da mai tsara birane Henri Prost, sun bar tsohon gari cikin ganuwarsa, suka yanka sabo a gefensa mai manyan tituna. Saboda haka a Kasablanka ko Rabat kana iya tsayawa a titi ɗaya, hagunka kwararo masu karkacewa, damanka benaye masu layi ɗaya.

Ingilishi kuwa rabuwa suka fi so: bariki daban, unguwar ma'aikata daban, kulob da filin wasa a tsakiya, gidaje kowane a cikin filinsa. Bayan da likitan Birtaniya Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, sai aka sami hujjar nisanta gidajen Turawa daga na 'yan ƙasa. A Firitawun ta Saliyo har kan tudu aka kai su, aka ɗora gidajen kan dogayen ƙafafu. In ka ga wani fili ko lambu mai faɗi ya raba unguwa biyu ba tare da dalili ba, ka duba tsohuwar taswira. Sau da yawa shi ne tazarar da aka bari da gangan. Wannan filin da babu komai a cikinsa yana cikin manyan abubuwan da ya kamata mai yawo ya gani, duk da ba wanda ke ɗaukar hotonsa.

Daga dandali ka gangara zuwa bakin ruwa ko tashar jirgin ƙasa. A can ne za ka tarar da gidan kwastan, sito-sito, ofisoshin kamfanoni da gidan waya. Nan ne ainihin dalilin kafa garin, wato kwasar kaya a fitar.

Karanta gini daga ƙasa zuwa sama

Ka tsallaka titi ka kalli ginin gaba ɗaya na minti ɗaya, ka ƙirga hawa da tagogi. Sannan ka matso, ka bi shi daki-daki.

Gindi. Shin an ɗaga shi daga ƙasa? Gidan da aka ɗora kan ginshiƙai ko dogon dakali yana gudun abu uku: danshi, gara da ambaliya. A wasu gidajen katako za ka ga faifan ƙarfe a saman kowane ginshiƙi, an lanƙwasa bakinsa ƙasa. Maganin gara ne, don ta fito fili a gan ta kafin ta kai katako.

Bango. Ka nemi inda yaɓe ya ɓare, don nan ne gini ke faɗin gaskiya. In ka ga dutse mai ramuka kamar soso, murjanin teku ne, irin wanda aka gina Kartahena da tsohon garin Zanzibar da shi. In jan bulo ne, ka duba ko akwai tambarin masana'anta. Abin da ke tsakanin bulon ma shaida ne: farar ƙasa tana da laushi, fara ce, tana marmashewa, siminti toka-toka ne, mai tauri. An yi wa simintin zamani rajista a Ingila a 1824, amma bai zama ruwan dare a ƙasashen mallaka ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Kaurin bango kana gane shi daga zurfin taga. Tsohon bango yakan kai rabin mita ko fiye, shi ke riƙe sanyin dare har zuwa azahar.

Baranda da rumfa. Wannan shi ne babban tambarin ginin ƙasashe masu zafi: kada rana ta taɓa bangon ɗaki. A Singafo, tsarin gari na 1822 ya wajabta wa kowane kanti barin hanya mai rufi a gabansa, faɗinta ƙafa biyar, wato kusan mita ɗaya da rabi. Tsarin ya bazu har George Town da Malaka a Malesiya, inda za ka yi tafiyar layi guda ruwa bai taɓa ka ba. Gidajen nan siraran fuska gare su, amma suna da zurfi sosai, kanti a ƙasa, iyali a sama, ga rami buɗaɗɗe a tsakiya mai shigo da haske da iska. A Sanluwi ta Sanagal, wadda Faransawa suka kafa a 1659, barandar tana hawa na sama ne, ta katako ko ta ƙarfe, ƙasa kuma sito. Idan ka ga ƙarfen zubi mai furanni, ka sunkuya ka duba gindin ginshiƙin. Sau da yawa sunan masana'antar yana nan, kuma da yawansu daga birnin Gilasgo na Birtaniya aka yi odarsu, musamman daga kamfanin Walter Macfarlane, aka kawo gunduwa-gunduwa cikin jirgin ruwa.

Tagogi. Ƙyauren katako mai tsaga-tsaga yana hana rana, yana barin iska. A Habana, saman ƙofofi akwai gilashi mai launi, rabin da'ira, wanda ke rage ƙarfin haske kafin ya shiga ɗaki. A Goa ta Indiya, wadda Fotugal ta riƙe har 1961, tsofaffin tagogi ba gilashi gare su ba, ɓawon kawa ne, wata halittar teku, aka goge aka jera a firam. Ka kuma nemi ƙananan ramukan iska can kusa da silin, ta nan zafi ke fita.

Rufi. Kwanon rufi an yi masa rajista a Landan a 1829, ya game duniya saboda sauƙin ɗauka. A Balfaraiso ta Chile har bangon gida ake lulluɓewa da shi a shafa fenti. Jan tayil mai shiga juna kuwa galibi daga Marseille ta Faransa yake, ko daga Mangalore ta Indiya inda 'yan mishan na Basel suka buɗe masana'anta a 1865. In ka ga wanda ya faɗo, ka juya bayansa, za ka ga suna da alama, misali kudan zuma. Ka karanta, ka mayar da shi inda ka gan shi.

Shekarar gini. Ka neme ta a goshin gini, ko saman ƙofa, ko kan bututun ruwan sama. In babu, salo zai taimaka. Ado mai yawa da ginshiƙai irin na Girka da Rum sun fi yawa kafin Yaƙin Duniya na Farko. Kusurwa mai lanƙwasa, layuka masu gudu a kwance da goshi mai hawa-hawa na shekarun 1920 da 1930 ne. Asmara ta Eritiriya cike take da su, har da gidan man Fiat Tagliero na 1938 mai fukafukan kankare kamar jirgin sama. Bango mai huda-huda na kankare don tare rana na shekarun 1950 ne, gab da 'yancin kai.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne ɗaukar duk tsohon bene a matsayin na Bature. Da yawa daga mafi kyawun gidajen nan na 'yan kasuwar gari ne, ko Larabawa, Indiyawa da Sinawa, ko bayin da suka 'yantu suka dawo daga Barazil da sana'ar gini a hannunsu, kamar yadda ake gani a Fotonobo ta Jamhuriyar Benin. Har ma waɗanda Turawa suka zana, magina da kafintoci da maƙeran ƙasar ne suka ɗaga su, wani lokaci da aikin tilas ko na fursuna. Ka dubi ƙyauren ƙofa da sassaƙan baranda da kyau, a nan hannunsu yakan fito.

Gyaran kirki da gyaran ɓarna

Sabon fenti ba shi ne lafiyar gini ba. Tsohon bango mai farar ƙasa yana shan danshi daga ƙasa, yana fitar da shi ta jikinsa. In aka yaɓe shi da siminti ko aka shafa masa fenti mai roba, ruwan ya rasa hanyar fita, sai ya hau sama ɗauke da gishiri. Alamar ita ce wani layi mai duhu kamar mita ɗaya daga ƙasa, fenti ya kumbura, farin gari yana zuba. Baƙin tabo da ya gangaro daga rufi kuma indararo ne ya toshe. Tsiro a jikin bango, musamman dangin ɓaure, shi ne mafi muni, domin saiwarsa tana tsaga bulo. Kada ka tsaya ƙarƙashin barandar da ƙarfenta ya yi tsatsa har ya fasa kankare.

Akwai kuma gidajen da aka rushe cikinsu gaba ɗaya aka bar fuska kawai. Ka leƙa ta taga: in daɓen hawa bai zo daidai da tagogin ba, ko ka hango ginshiƙan kankare sababbi, fuska ce kawai ta rage.

Zanen bango

Ba duka iri ɗaya ba ne, kuma sanin bambancin yana ƙara daɗin kallo. Akwai sa hannu, wanda masu abin ke kira tag, suna ne kawai da layi ɗaya, cikin daƙiƙoƙi. Akwai manyan haruffa masu ƙiba da launi biyu. Akwai cikakken aikin haruffa mai launuka da inuwa, wanda ke cin sa'o'i. A tsakaninsu akwai ladabi: babban aiki yana iya hawa kan ƙarami, amma wanda ya yi sa hannu a kan cikakken aikin wani ya nemi faɗa.

Sannan akwai sitensil, inda ake yanka hoto a kwali a ɗora a fesa. Kana gane shi da kaifin gefe da 'yan gadojin da aka bari don kada kwalin ya rabu, kuma za ka sake cin karo da hoton a wasu layuka. Akwai na takarda, wanda aka zana a gida aka manna da kwaɓin fulawa. Gefensa yakan ɗago, damina ɗaya ko biyu ta cinye shi. Akwai na ƙananan tayil da ake mannawa can sama a kusurwa. Ɗan Fotugal ɗin nan da ake kira Vhils ma ba ya shafa fenti, sassaƙa fuska yake yi a cikin yaɓen da kansa. Sai kuma babban zane mai cin bango guda, wanda kusan kullum da izini ake yinsa, don yana buƙatar tsani ko injin ɗagawa da kwanaki.

Ka matsa kusa ka ga kayan aikin. Fentin feshi yana barin gefe mai hazo da 'yan ɗigo-ɗigo, buroshi yana barin sawun gashi. Sunan mai zane da shekara galibi suna kusurwar ƙasa. Launi ma agogo ne: ja da launuka masu ƙyalli su ke fara kodewa, baƙi da ruwan ƙasa su daɗe. Daga nan ka ja da baya har ka ga yadda mai zanen ya yi amfani da taga, bututu ko tsagar bango. Gwani ba ya faɗa da bango. A George Town, Ernest Zacharevic ɗan Lituweniya ya zana yara biyu a 2012 a layin Armeniya, ya jingina keke na gaske a jikin bangon suka zama kamar suna kansa. Zanen ya yi ta kodewa har sai da aka sake taɓa shi, saboda danshin da aka ambata a sama ba ya barin fenti ya zauna a tsohon bango.

Zanen da ya fi nauyi shi ne wanda ke da tushe a unguwarsa. A Habana, Salvador González ya fara zane lungun Hamel a 1990 don girmama al'adun Afirka da bayi suka zo da su. A Dakar ta Sanagal, matasan gangamin tsaftace gari da ake kira Set Setal sun share unguwanni suka cika bango da hotunan malamai da jarumai a wajen 1990. A Bogota, bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi mai zane, Diego Felipe Becerra, a 2011, fushin jama'a ya sa birnin ya sassauta dokarsa, yanzu tsohuwar unguwar Kandelariya cike take da zane. A unguwar Getsemani ta Kartahena, zane da yawa suna magana ne kan baƙaƙen fata na garin da kuma tsadar haya da ke korar 'yan asalin unguwa. In ka ga fuskar da ba ka sani ba, ka tambayi mai kanti ko dattijon da ke zaune kusa, bayan ka gaishe shi. Amsar da za ka samu ta fi abin da ke cikin takardar masu yawon buɗe ido.

Inda ake samunsu: ba a kan babban dandali ba, don doka takan kare gine-ginen wurin. Ka bi layi na biyu da na uku a bayansa, gefen sito, katangar fili, ƙarƙashin gada, matakalar unguwa. Taswirar zane da ke intanet takan tsufa da wuri, kada ka ɓata awa kana neman abin da aka shafe bara.

A nan akwai iyaka da ya dace a faɗa. Fentin feshi a kan tsiraran dutse ko murjani ɓarna ce, komai kyan zanen, domin yana shiga ramukan dutsen, kuma goge shi yana cin fuskar ginin. Masu zanen da suka san abin da suke yi suna zaɓar katangar siminti, ƙofar ƙarfe ko bangon da mai shi ya yarda.

Hoto, izini da tsaro

In ka ɗaga waya sama don gini ya shiga, sai ya fito kamar zai faɗi baya. Ka ja da baya, ka riƙe wayar a tsaye daidai, ka kusanto da hoton ninki biyu. Kowane gini ka ɗauke shi sau uku: duka, wani sashe, da wani ƙaramin abu kamar tambari ko marikin ƙofa. Ka ɗauki allon sunan layi kafin ka shiga shi, don in ka koma masauki ka san inda kowane hoto ya fito.

Gine-ginen mulkin mallaka da yawa har yau bariki ne, kotu, ofishin 'yan sanda ko fadar gwamnati, kuma a ƙasashe da dama ɗaukar hotonsu yana jawo tambayoyi ko ƙwace waya. In ka ga soja ko tuta, ka tambaya tukuna. Gidajen da ke da kyan baranda kuma mutane ne a ciki. Ba a leƙa tsakar gida sai an ce bismilla, ba a ɗaukar hoton yara ko mai sana'a sai da yardarsa. Zane mallakar wanda ya yi shi ne: in za ka saka a Instagram ko Facebook ka rubuta sunansa, in kuma sayarwa za ka yi a riga ko kati sai da izininsa.

Kada ka shiga kango, ko da ƙofa a buɗe take. Katakon bene da gara ta ci yana nan kamar lafiyayye har sai an taka shi. Kada ka jingina da zane ko ka kankare yaɓe don ganin abin da ke ƙasa. Wayarka ta koma aljihu tsakanin hoto da hoto, kuma in layi ya yi tsit babu mata da yara, ka juya. Tsofaffin unguwannin tashar jirgin ruwa sukan sauya fuska bayan magariba, saboda haka ka tambayi mutanen masaukinka layin da ake bi da wanda ake kauce wa kafin ka fita, kuma in za ka ɗauki ɗan rakiya, ka zaɓi wanda a unguwar yake zaune ko shi kansa mai zane ne.